Yadda ake bambance masu ɗauke da cuta da sababbin kamu

A wani taron kwamitin lafiya na gunduma da na halarta a wani ƙauye da ke arewa da Daura, malamin asibitin garin ya miƙe ya karanta rahoton shekara. Da ya zo kan hawan jini, sai ya ce masu karɓar magani a wurinsa sun ninka na bara. Dagaci ya gyara zama ya ce, "To Likita, mun yi murna da zuwanka don ciwo ya ragu, sai kuma ya ƙaru?" Malamin ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da rijista ta nuna ke nan." Ya koma ya zauna jikinsa a sanyaye.

Abin ya tsaya mini a rai, domin na san irin aikin da ya yi a shekarar. Shi ne ya riƙa ɗaukar na'urar awon jini yana bin ƙofar masallaci da wuraren suna, yana auna dattawa. Waɗanda ya gano ya ɗora su a kan magani, ga su nan da ransu suna zuwa karɓa duk wata. Lambar da aka tuhume shi da ita ita ce shaidar ƙoƙarinsa, sai dai daga shi har dagacin babu wanda ya san yadda za a karanta ta.

Masu ilimin yaɗuwar cututtuka suna da ƙidaya iri biyu, kuma a makarantun koyon aikin lafiya irin na Daura da Kankiya ɗalibai suna haddace su da sunan firibalans da insidans. A nan zan kira ta farko ƙidayar masu ɗauke da cuta, ta biyu kuma ƙidayar sababbin kamu. Ta farko tana gaya maka mutum nawa ne cutar take jikinsu a wani lokaci, tsofaffin kamu da sababbi duka. Ta biyu tana gaya maka mutum nawa ne cutar ta kama a cikin wani tsawon lokaci, alhali kafin nan lafiyarsu ƙalau.

Ka dubi randar gidanku. Ruwan da ka gani a ciki in ka leƙa yanzu, shi ne masu ɗauke da cuta. Jarkokin da mai ga-ruwa yake juyewa kowace safiya, su ne sababbin kamu. Ruwan kuma yana fita ta hanya uku: wanda aka ɗiba da moɗa, wato waɗanda suka warke, wanda yake tsiyaya ta tsagar gindi, wato waɗanda suka rasu, da wanda aka ɗiba aka kai maƙwabta, wato waɗanda suka bar gari. Randa tana iya cika don mai ga-ruwa ya ƙara jarka. Tana kuma iya cika don an liƙe tsagar. Wanda ya leƙa kawai ya ga ruwa fal ba zai san wanne ne ya faru ba.

Mataki na farko: ka tsayar da tambayarka

Kafin ka buɗe rijista, ka tambayi kanka me za a yi da lambar. In ana so a san kwalin maganin hawan jini nawa za a nemo daga sito, ko ranar asibitin 'yan sikila sau nawa za a yi a wata, ko ma'aikaci nawa ake buƙata, to masu ɗauke da cuta za ka ƙirga, domin su ne nauyin da yake kan asibitin yau. In kuwa ana so a san ko annoba ta ɓarke, ko gidan sauron da aka raba ya yi amfani, ko wace rijiya ce take sa mutane gudawa, to sababbin kamu za ka ƙirga. Riga-kafi aikinsa hana kamuwa, saboda haka da sababbin kamu ake auna shi.

Mataki na biyu: ka yanke wa za a kira mai cutar

A rubuce za ka yi wannan, kuma kada ka canza shi a tsakiyar aiki. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. In a watan Yuli kana ƙirga wanda gwajin jini ya tabbatar kawai, a watan Agusta kayan gwaji suka ƙare ka koma ƙirga duk mai zafin jiki, to hauhawar da za ka gani daga alƙalaminka ta fito. Hawan jini kuma ba a yanke shi da awo ɗaya. Ana so a samu 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku biyu daban-daban. Dattijon da yake shan magani, jininsa ya sauka daidai ranar da ka auna shi, yana nan cikin masu ɗauke da cutar. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, su cire shi daga lissafi.

Ko irin gwajin ma yana sauya amsa. A binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021, yara 'yan wata 6 zuwa 59 da aka duba jininsu da madubin likita, kashi 22 cikin 100 ne aka samu da ƙwayar cutar. Da gwajin nan na gaggawa da ake ɗiga jini a ɗan faranti kuwa, kusan kashi 40 ne. Yaran ɗaya ne, lokacin ɗaya ne. Dalili shi ne gwajin gaggawa yana iya ci gaba da nuna alama har 'yan makonni bayan yaro ya sha magani ya warke.

Mataki na uku: a cikin mutum nawa?

A nan yawancin lissafi yake lalacewa, don haka zan ɗan daɗe a kai. Kowace ƙidaya tana da lambar sama, wato masu cutar, da lambar ƙasa, wato jama'ar da aka ƙirga su a ciki. Ka ce mutum 50 suna da tarin fuka ba ka faɗi komai ba tukuna. Hamsin a ƙauye mai mutum 2,000 bala'i ne, hamsin a birnin Katsina kaf kuwa alama ce ta cewa ba a neman masu cutar yadda ya kamata.

Wahalar ita ce rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka samu kusan mutum miliyan 5.8 a jihar Katsina. Duk wata lamba da ake manna wa a bangon asibiti da sunan yawan jama'ar gunduma, hasashe ce da aka ɗora a kan waccan ƙidayar, ana ƙara mata wani kaso duk shekara. Hasashen bai san unguwannin da suka tsiro a bayan gari ba. Bai san mutanen Batsari da Safana da Jibiya da rashin tsaro ya koro zuwa cikin Katsina ba. A ƙasar Daura kuma, asibitocin Mai'aduwa da Zango da Baure suna karɓar marasa lafiya daga ƙetaren iyakar Nijar. In ka saka su a lambar sama, alhali ba sa cikin lambar ƙasa, za ka ɗora wa gundumarka cutar da ba tata ba ce. Ka duba su, ka ba su magani, ka rubuta su, amma ka sa musu alama a gurbin adireshi don ka ware su ranar lissafi.

Shawarata ga mai aiki a ƙauye ɗaya ko biyu ita ce ya nemi lissafin gida-gida na baya-bayan nan, irin wanda ake yi lokacin rabon gidan sauro ko allurar shan inna, ya zauna da masu unguwanni su gyara shi. Mai unguwa ya san gidan da aka tashi da gidan da aka yi baƙi. Sannan a rahotonka ka faɗi inda ka samo lambar.

Abu ɗaya da ba zan gaji da faɗa ba: masu zuwa asibiti ba su ne jama'ar gari ba. In cikin mutum 100 da suka zo asibitin sha-ka-tafi 60 suna da zazzaɓin cizon sauro, wannan bai nuna kashi 60 na garin suna da shi ba. Mai lafiya yana gona, wani marar lafiyar kuma ya tsaya a kyamis ko wurin mai maganin gargajiya.

Mataki na huɗu: lissafin masu ɗauke da cuta

Duk lambobin misalan da za su biyo baya na ƙaddarawa ne, don a ga yadda ake yi.

Mu ƙaddara ƙauye mai manya 1,200, 'yan shekara 18 zuwa sama. Ka bi gida-gida a watan Janairu, ka samu auna mutum 1,000. Cikinsu 190 awonsu ya haura a ranaku biyu, wasu 60 kuma suna kan magani awonsu ya daidaita. Masu ɗauke da hawan jini ke nan 250. Ka raba 250 da 1,000, ka ninka da 100, ya ba ka kashi 25 cikin 100. Da 1,000 za ka raba, waɗanda ka auna, ba da 1,200 ba.

Sai ka tsaya ka yi tunanin mutum 200 ɗin da ba ka samu ba. A watan Janairu, su wa suka bar ƙauye? 'Yan ci-rani, samari majiya ƙarfi da suka tafi Kano da Legas da Fatakwal bayan girbi, waɗanda hawan jini bai cika yawa a cikinsu ba. Wato kashi 25 ɗin nan wataƙila ya ɗan fi na gaskiya. Ka rubuta wannan a ƙarƙashin lambar, layi ɗaya ya isa.

Wannan ƙidayar ta tsayayyen lokaci ce, kamar hoto. Akwai kuma ta tsawon lokaci, inda ake tambayar mutum nawa ne suka yi fama da cutar a cikin shekarar, ko da sun warke kafin ka zo. Tana da amfani ga cututtuka masu tafiya su dawo. Ko wacce ka yi, ka rubuta watan. Ƙidayar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin yara a watan Afrilu da ta watan Satumba ba za su taɓa zama ɗaya ba a ƙasarmu.

Mataki na biyar: lissafin sababbin kamu

Mu ci gaba da ƙauyen nan. Mutum 250 suna da hawan jini tun farko, saboda haka ba za su sake zama sababbin kamu ba. Ka fitar da su gefe. Saura 750. Ka bi su shekara guda, ka sake aunawa, ka samu 30 sun kamu. Ka raba 30 da 750, ya ba ka kashi 4 cikin 100 a shekara, ko 40 cikin 1,000 a shekara. Wanda ya raba da 1,000 zai samu kashi 3, ya nuna haɗarin ƙasa da yadda yake. Kalmar "a shekara" kuma dole ce. Kashi 4 a shekara da kashi 4 a mako, tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa.

Lambar ƙasa a nan ita ce waɗanda cutar za ta iya kamawa kawai. In kana lissafin jijjigar masu ciki, mata masu juna biyu ne lambar ƙasa. In ƙyanda ce, yaron da ya taɓa yin ta ba ya sake yi.

Yanzu ka duba randar a ƙarshen shekara. An fara da 250, sababbi 30 sun shigo, 10 sun rasu, 5 sun yi ƙaura. Saura 265. Da maganin bai samu ba, aka rasa 40 maimakon 10, da saura 235. Rahoton da ya fi ƙaramar lamba shi ne na shekarar da aka fi zuwa maƙabarta.

Akwai matsala ta biyu: mutane ba sa zama wuri ɗaya su jira ka. Don haka ake lissafi da lokacin da kowa ya yi a ƙarƙashin kulawarka. Mu ƙaddara kana bin yara 200 'yan ƙasa da shekara biyar daga Yuli zuwa Oktoba, wata huɗu. Yara 150 sun zauna duka wata huɗun, wata 600 ke nan in an tara. Yara 30 sun yi wata biyu kawai, iyayensu makiyaya suka tashi, wata 60. Yara 20 sun zo a watan ƙarshe, wata 20. Jimla wata 680. A cikin wannan lokaci an samu kwanciyar zazzaɓin cizon sauro sau 170. Ka raba 170 da 680, ya ba ka 0.25, wato kamuwa 25 a kowane wata 100 na zaman yara. A bakin mutane sai ka ce kusan kowane yaro yana kwanciya sau ɗaya a damina. Da ka ɗauka duka 200 sun yi wata huɗu, da 800 za ka raba, ka samu 0.21.

Ka lura na ce sau 170, ban ce yara 170 ba. Zazzaɓin cizon sauro yana maimaita mutum. Mai yiwuwa yara 110 ne suka yi kwanciya 170 ɗin, wasu sau biyu, wasu sau uku. Lambobin biyu duk suna da amfani, amma kada ka gauraya su. Kuma ka yanke tun farko kwana nawa za su wuce kafin ka ɗauki dawowar yaro a matsayin sabuwar kamuwa. Masu bincike sukan ɗauki kwana 14 ko 28. Yaron da aka dawo da shi bayan kwana uku jikinsa da zafi, ciwonsa na farko ne bai sake shi ba.

In abu ya faru farat ɗaya, lissafin ya fi sauƙi. An yi biki, mutum 120 sun halarta, 36 sun kwana suna amai da gudawa: kashi 30. Ka tambayi kowa abin da ya ci da abin da ya sha. Cikin 80 da suka sha zoɓo, 32 sun kamu, kashi 40. Cikin 40 da ba su sha ba, 4 ne suka kamu, kashi 10. Ninki huɗu. Ka je ka tambayi ruwan da aka haɗa zoɓon da shi da ƙanƙarar da aka jefa. Da irin wannan bin diddigin wani likita ɗan Ingila mai suna John Snow ya gano famfon da yake yaɗa kwalara a wata unguwa ta Landan a 1854.

Mataki na shida: ka haɗa su biyun

Abin da yake ɗaure ƙidayar biyu shi ne daɗewar cuta a jiki. In al'amura suna tafiya ba hawa ba sauka, kuma cutar ba ta game gari ba, to masu ɗauke da cuta sun yi kusan daidai da sababbin kamu in an ninka su da tsawon lokacin da cutar take yi.

Ɗauki gari mai mutum 50,000, da cututtuka uku, kowacce tana kama mutum 100 a shekara. Ta farko gudawa ce mai kwana biyar: 100 sau 5, a raba da 365, ya ba ka mutum ɗaya ko biyu a kowace rana. Ta biyu tarin fuka: in daga fara tari zuwa gama magani shekara guda ce, za ka samu mutum 100 a kowane lokaci. Ta uku hawan jini: in mutum yana rayuwa da shi shekara 15, za ka samu 1,500. Jarkar mai ga-ruwa ɗaya ce, amma ga randa uku, ɗaya kusan ƙaf, ɗaya ta cika tana ambaliya.

Tarin fuka ya cancanci a ƙara dubawa. Maganinsa wata shida ne, kuma kyauta ake bayarwa. Abin da yake tsawaita shi shi ne watannin da mutum yake yi yana tari, yana shan maganin tari na kyamis da jiƙe-jiƙe, kafin a gwada majinarsa. In jinkirin ya sa cutar ta kai shekara biyu, masu ɗauke da ita a garin nan sun zama 200. In aka gano shi da wuri duka ya zama wata takwas, sun koma kusan 67. Tun da kuma kowane mai tari yana iya shafa wa na kusa da shi, rage masu ɗauke da ita yau yana rage sababbin kamu gobe. A cututtuka masu yaɗuwa, ruwan randa shi ma yana kiran mai ga-ruwa. Binciken ƙasa na farko a kan tarin fuka, wanda aka yi a 2012, ya samu mutum 524 cikin kowane 100,000 na 'yan shekara 15 zuwa sama ɗauke da ita, abin da ya nuna waɗanda suke zuwa asibiti kaɗan ne daga cikin masu cutar.

Kada ka yi amfani da wannan ninkawar a tsakiyar annoba, domin a lokacin komai yana sauyawa kullum.

Mataki na bakwai: karanta lambobin da kake ji a rediyo

Binciken ƙasa na 2018 a kan cuta mai karya garkuwar jiki ya samu kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ita, jihar Katsina kuma tana cikin mafi ƙaranci da kashi 0.3. Wannan ƙidayar masu ɗauke da cuta ce. Tun da maganin yanzu yana riƙe mutum shekaru masu yawa, yawan masu ɗauke da ita yana iya tsayawa cak ko ya ƙaru alhali sababbin kamu suna raguwa. Haka ya faru da ciwon suga bayan an gano insulin a Kanada a farkon shekarun 1920: yaran da da ba sa daɗewa suka rayu, masu ciwon suka ƙaru. Haka kuma za mu gani da sikila in kulawa ta inganta. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a Najeriya duk shekara. Gwajin jini kafin aure yana rage wannan lambar, kulawa mai kyau kuma tana ƙara yawan manya masu ɗauke da ita, kuma duka biyun abin so ne.

Sanƙarau kuwa da sababbin kamu na mako-mako ake tsaron sa. Iyayenmu ba su manta 1996 ba, shekarar da ya kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 11,000, ya kuma dawo a 2017 ya taɓa Zamfara da Sakkwato da Katsina. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000 ita ce: in an samu waɗanda ake zargi 3 cikin 100,000 a mako ɗaya, a shiga shiri, in sun kai 10 cikin 100,000, annoba ce. A gunduma mai mutum 50,000, mutum biyu a mako sun isa a ɗaga waya, biyar kuma annoba. Cutar da take kashewa ko ta saki mutum cikin kwanaki ba ta taruwa a randa, don haka wanda ya tsaya ƙirga masu ɗauke da ita zai ga kamar babu komai. Kwalara da mashaƙo da ƙyanda duk haka suke. Shan inna ma ya fi tsanani: yaro ɗaya ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a ranar ake sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Da irin wannan sa idon aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, wadda ake kira ta daji, a watan Agusta 2020.

Maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata a damina, wanda a jihar Katsina aka fara gwada shi a Najeriya a 2013, shi ma da sababbin kamu ake gane amfaninsa: kwanciya nawa aka yi a daminar bana, nawa aka yi a ta bara, a cikin yara nawa.

Tarko biyu suna nan da ya kamata ka sani. Na farko, duk lokacin da aka fara neman cuta da gaske, sababbin da ake rubutawa suna tashi sama, ko da cutar ba ta ƙaru ba. Sabon ganowa daban, sabon kamu daban. Na biyu, kada ka nemi sanadin cuta daga ƙidayar rana ɗaya. In ka zagaya gari ka samu masu hawan jini sun fi kowa ƙaurace wa gishiri da dunƙulen miya, ba rashin gishirin ne ya jawo musu ba. Bayan an gaya musu suna da ciwon ne suka daina. Hoto ba ya nuna wanda ya riga wani zuwa.

Mataki na takwas: rijista

Duk abin da na faɗa a baya, a kan teburin malamin asibiti yake gyaruwa ko ya ɓaci, domin abin da aka rubuta a rijista shi ake tattarawa a fom ɗin wata, a kai ƙaramar hukuma, a shigar a kwamfuta, ya wuce jiha har Abuja. A gaban kowane suna ana buƙatar amsar tambaya biyu, ba ɗaya ba. Shin wannan ne zuwansa na farko wurinka? Shin wannan ne karo na farko da aka gano masa cutar? Alhajin da aka gaya wa yana da ciwon suga a Kano shekara biyar da suka wuce, yau ya fara zuwa asibitinka, baƙo ne a wurinka, amma tsohon kamu ne. Ka tambaye shi, "Baba, an taɓa gaya maka kana da wannan ciwon? An taɓa ba ka maganinsa?" In rijistarka ba ta da gurbin wannan, ka ja layi da rula ka yi mata.

Ga masu ciwon da ba ya warkewa, ka buɗe littafi daban, mutum ɗaya layi ɗaya, da lambar katinsa, watanni goma sha biyu a jere a gabansa kana sa alama duk zuwan da ya yi. In ba haka ba, Hajiyar da ta zo sau goma sha biyu za ta zama mutum goma sha biyu a rahoton shekara. A ƙarshen layin ka bar gurbin yadda aka ƙare: yana zuwa, ya rasu, ya yi ƙaura, an tura shi babban asibiti, ko ba a gan shi ba.

Washegarin taron nan, ni da malamin asibitin muka zauna a ƙarƙashin dogon yaron da ke ƙofar asibitin, muka bi littafinsa layi-layi muka kasa sunayen kashi-kashi. Mafi yawan ƙarin da aka samu dattawa ne da ya gano a zagayensa, waɗanda da alama sun daɗe da ciwon ba su sani ba. Tsofaffin da ya gada daga bara kusan duk suna nan. Muka rubuta wa dagaci bayanin a layi huɗu: waɗanda aka fara shekara da su, waɗanda aka gano a bana, waɗanda suka rasu, da waɗanda suke karɓar magani yau. Sai wani kashi na biyar ya fito wanda ba mu yi tsammani ba, 'yan sunaye da alamarsu ta tsaya tun watan Sha'aban, ba a rubuta sun rasu ba, ba a rubuta sun yi ƙaura ba. Ya kwafe su a wata takarda, ya ce ranar Asabar zai hau babur ya bi su gida-gida, zai kuma roƙi mai unguwa ya haɗa shi da yaron da zai nuna masa gidajen.